Sifirin Garmahon Kaka Larai

"Sannu da hanya, Amarya. Ina gajiya? Ina mutanen Kagoma? Wannan akwatin fa, kayanki kika kwaso kika tare a ɗakina gaba ɗaya?"

"Ɗakinka? Wannan da ko akuya ta shiga sai ta fito da baya? Sauke ni tukuna, ka tsaya kana zuba, wuyana ne ba naka ba."

Gaisuwar Kaka Larai ke nan da jikanta Meshak, a ƙofar ɗakinsa cikin barikin reluwe na Kafanchan, wata Asabar da hantsi a kakar 1976. Baƙo ya ji su zai ce yau aure ya mutu. Mu da muka saba ko kai ba ma ɗagawa. Sunan marigayi mijinta aka sa wa jikan, ita kuwa mutuniyar da ce, bakinta bai taɓa kama wannan suna ba. Tun yana rarrafe take ce masa Maigida, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe yake ce mata Amarya. Yanzu shekarunsa ashirin da bakwai, fita ne, wato makaniki, a loko, ma'aikatar reluwe, yana gyaran kan jirgin ƙasa, ga babur ya saya bayan ƙarin albashin Udoji. Ita ta haura saba'in, kuma har yau babu wanda ya taɓa kayar da ita a magana, shi ma ɗin gwadawa kawai yake yi.

Ya sauke mata akwatin, ya ji nauyi, ya ce ko dutsen niƙa ta naɗe a zane. Sai ya hango zakara ja a hammatarta, an ɗaure masa ƙafa, nan take muryarsa ta yi laushi. Ya miƙa hannu, ta buge hannun. Ta ce zakaran ba na masu zaman banza ba ne, na wanda ya gyara abin da ke cikin akwati ne. Ya ce to ya ji, amma ko wa ya ci naman, ƙundu dai nasa ne, tunda a gidansu mai gida ke cin ƙundu, kuma ita da bakinta take kiransa Maigida.

"Mai ƙundu na binne shi shekara bakwai ke nan," in ji ta. "Tun ran nan babu namijin da ya ci ƙundu a tukunyata."

"To ina yake zuwa?"

"Cikina."

"Mace da cin ƙundu? Dattawan ikilisiya sun sani?"

"Je ka faɗa musu. Ka ga wanda zai fara zuwa."

Ta kwance zanen da kanta, ba ta bari ya taɓa ba. Garmaho ne, irin mai akwatin katako baƙi da hannun wanawa a gefe, kusurwoyinsa duk sun goge. A cikin murfin akwai faifai guda ɗaya tal, an naɗe shi da ɗankwali. Meshak ya san su sarai. Tun kafin a sami 'yancin kai wasu turawan mishan suka zo Kagoma da na'ura, suka nemi wanda ya iya waƙar sujada da yaren garin, kowa ya nuna kakan Meshak, mijin Kaka Larai. Bayan watanni suka dawo da faifan, suka haɗa masa da garmahon don ya riƙa zagaya ƙauyuka yana sa wa mutane. Da ya rasu, akwatin ya koma ƙarƙashin gadon Kaka Larai. Kowace Lahadi in ta dawo daga majami'a sai ta jawo shi, ta wana, ta saurara sau ɗaya, ta mayar.

Wata uku da suka wuce, in ji ta, tana cikin wanawa ta ji ƙas daga ciki, hannun ya koma juyawa a banza. Ta kai wa mai gyaran keke na garinsu, ya leƙa ya ce shi dai taya ya sani. Malamin makaranta ya ce a yi addu'a. An yi, bai tashi ba.

Meshak ya tsuguna ya juya hannun, ya ji babu komai a ciki. Sai ya kumbura kumatu, ya saukar da murya can ƙasan maƙogwaro, ya ja: "Iiin faaara neee?" Haka faifan ke farawa, domin tsohon bai san na'urar ta riga ta kama ba, ya tambayi baturen ko ya fara. Duk jikokin gidan sun tashi suna kwaikwayon wannan tambaya. Ya ce da Kaka gaskiya ɗaya ce, mijin nan nata waƙa yake yi kamar sa ya faɗa rijiya, kuma yanzu zamanin kaset ne, ta bari a yi wa akwatin jana'iza, shi zai saya mata rikoda sabuwa fil.

"Da mijina a ciki?"

"Da ni a waje."

"Na gode. Bar ni da akwatina."

Ta zauna a bakin dakali, ta gyara wa zakaran igiya, ta ɗan yi shiru. Shirun Kaka Larai ba abu ne da aka saba da shi ba, har matar da ke shanya a ɗaki na gaba ta waiwayo.

"Shekaranjiya na yi mafarkinsa," ta ce. "Yana zaune a gindin mangwaro yana fiƙe ƙotar fartanya. Ya buɗe baki zai yi mini magana, sai na ji muryar fasto. Da gari ya waye na nemi tasa a kaina, na rasa. Fuskar tana nan. Muryar ce take tafiya, Maigida, kuma ina jin tsoro."

Meshak ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya ɗauko akwatin kayan aikinsa.

Da ya kwance kusoshin ya ɗaga injin, wani wari ya bugi hancinsa, ya ja da baya. Cikin injin duk ya cushe da wani abu fari-fari mai ƙwari, haƙoran ƙarfen sun nutse a ciki, ko'ina ya daskare. Ya lakato da tsinke ya sansana, ya dube ta. Man kaɗanya ne. Ya tambaye ta wane injiniya ne ya yi wannan aiki, don a ba shi lambar yabo. Ta ce ita ce, kuma ba sau ɗaya ba, duk Kirsimeti da Ista take buɗe ƙasan ta shafa masa, domin da mai akwatin yana da rai da shi take shafa masa gwiwa in sanyi ya shigo, kuma bai taɓa kuka da ita ba.

"Amarya, wannan inji ne, ba gwiwa ba."

"Dukansu juyawa suke yi."

"Ai da kin ƙara masa daddawa da barkono, mu ci da tuwo."

"Kai da ka yi makarantar ƙarfe, faɗa mini abin da ya karye, ka bar mini girkina."

Abin da ya karye shi ne sifirin, wato doguwar tsiriryar ƙarfen nan da ke naɗe cikin gwangwani, wadda in an wana take ɗaurewa, in tana warwarewa take juya faifai. Meshak ya jefa gwangwanin cikin buhu kafin ya zaro shi, domin sifirin garmaho in ya kubce a fili yana iya tafiya da yatsan mutum. Ya fito gida biyu. Da a baki ya tsinke, in ji shi, da sai ya gasa bakin ya huda sabon rami ya maƙala. Amma a tsakiya ya rabu, babu dabara sai wani. Kuma mutum ɗaya ne a Kafanchan da zai san inda wani yake, Polycarp mai gyaran rediyo.

Ya ce ta zauna ta huta ya je ya dawo. Ta ce buhun nan ba ya zuwa ko'ina ba tare da ita ba, hannun mijinta ne ya wana ƙarfen da ke ciki shekara da shekaru, ba za ta bar shi ya yi yawon gari da yaron da ko maɓallin rigarsa bai iya sawa daidai ba. Ya ta da babur ya ce to ta hau ta riƙe ƙugunsa. Ta ce ta riƙe shi a tsakiyar kasuwa mutane su ce ta rasa miji ne ta ɗauki wannan? Ta hau ta karkace, ta rungume buhu, haka suka ratsa gari, shi yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ita tana ce masa jakin gidansu ya fi shi sauri.

Shagon Polycarp yana bakin kasuwa, rediyoyi a jibge har rufi, rabinsu hanji a waje. Mutumin gabas ne, ya zo Kafanchan tun yana saurayi, yaƙi ya kore shi, da aka gama ya dawo ya sake buɗe ƙofa. Ya gaishe da Kaka da hannu biyu, ya share mata benci, sannan ya leƙa buhun. Bai yi dariya ba, sai ya girgiza kai kamar an nuna masa hoton wani tsohon aboki.

"Mama, wannan kaya ya ƙare. Kamfani ya daina yi tun tuni. Ko Onica ka je, ko Legas, babu. Kowa yanzu kaset, kaset."

Meshak ya tambaye shi tsofaffin garmahon da ya saba gani a ƙarƙashin tebur fa. Polycarp ya jawo ɗaya da ƙafa ya buɗe, ciki wayam. Ya ce guda uku ne, kuma duka ukun ya cire musu sifirin ya ba Rufus maƙeri watan jiya. Meshak ya ce me maƙeri zai yi da sifirin garmaho? Kafin Polycarp ya amsa, Kaka Larai ta riga shi. Ta ce wannan wace irin tambaya ce daga ɗan Kagoma, ashe zaman bariki har ya mantar da shi abin da aka ciyar da shi da shi. Wuƙar tsaga citta mana. Duk matar da ta san aikinta ba ta yarda da wata wuƙa sai ta ƙarfen garmaho, ga sirantaka, ga lanƙwasa, ga kaifi ba ya dakushewa. Ita ma tana da ɗaya a gida, ba ta dai taɓa tambayar daga cikin wane akwati aka ciro ta ba.

Abin da ya cinye garmahon ƙasarmu ke nan, in kuna son sani. Kaset ya kashe su, citta ta cinye gawar.

Polycarp ya tambayi Kaka da wace allura take sa faifan, tunda allurar garmaho ma ta ɓace a kasuwa. Ta kwance bakin zaninta ta nuna masa ƙayoyin lemun tsami guda biyar, busassu, an fiƙe su tsaf. Ta ce tun da gwangwanin alluran da turawa suka bari ya ƙare, da waɗannan take yi. Meshak ya riƙe kai, ya ce man kaɗanya a inji, ƙaya a faifai, saura ta ɗaura wa akwatin laya. Polycarp ya ɗauki ƙaya ɗaya ya duba a haske, ya mayar mata da ladabi.

"Mama ya fi ka sani," ya ce da Meshak. "Allura na ƙarfe yana cin faifai kaɗan kaɗan. Da shi yake sawa kowane Lahadi, da yanzu babu murya, sai shuuu. Ƙaya ne ya ajiye shi."

Kaka Larai ta karɓi ƙayarta. Ta dai ɗaure bakin zaninta a hankali tana kallon jikanta, har ya gwammace da ta yi magana.

Maƙerar Rufus tana bayan kasuwa, wajen masu doya. Suka same shi yana wasa lauje. Mutum ne mai kaurin wuya da ƙarancin magana, ya saurari Meshak har ƙarshe, sannan ya nuna bango da haɓa. Ga gwangwanin sifirin nan a rataye, guda ɗaya. Biyu ya riga ya yanka, wannan ne na ƙarshe, kuma ran Litinin zai sa masa kurfi. Meshak ya sauke shi ya gwada faɗinsa da na buhu, ya ga kamar tare aka haife su.

Rufus ya ce ya mayar inda ya ɗauka. Ya ce tonon citta ya kama, matan zumuntar majami'a sun riga sun yi masa magana, kowace ta san wuƙarta tana cikin wannan gwangwani, kuma a cikinsu har da surukarsa. Shi ba zai tsaya gaban matan nan ran Lahadi ya ce musu ya ba da ƙarfensu don a ji waƙa ba.

Nan Meshak ya shiga aikin lallashi. Ya ce zai kawo masa tsofaffin zartunan ƙarfe da aka zubar, Rufus ya ce mata sun gwada, suna karyewa. Ya ce zai samo masa sifirin agogon bango, Rufus ya ce wannan ko albasa ba ya yankawa. Ya koma bayanin irin ƙarfe da yadda ake gasa shi, yana haɗawa da Turancin loko, har ya ambaci takardar shaidarsa ta fita. Rufus ya ci gaba da wasa laujensa. Da Meshak ya ga ba ci, sai ya nuna Kaka ya ce a dubi tsohuwar matarsa, in ba a taimaka ba shi za ta ci gaba da damu har ya tsufa. Rufus ya ce ya tausaya masa ƙwarai, amma shi ma yana da tasa a gida.

Duk wannan abin Kaka Larai tana zaune kan kututture, buhu a cinya, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon gwangwanin da ke bango. Sannan ta sunkuya ta kalli buhun, ta shafa shi ta waje.

"Ɗana," ta ce da Rufus, "in ka sauke wancan ran Litinin, me za ka yi masa?"

"In yanka shi, Mama."

"Gida nawa?"

"Yadda ya samu."

"To ga wanda ya riga ya fara yanka kansa. Ya rage maka aiki."

Ta miƙa buhun. Rufus ya ajiye lauje. Kunya ta kama Meshak, domin shi da takardarsa ya yi rabin awa yana zagaye, abin yana kan cinyar kakarsa bai gani ba. Amma ya ga yadda hannunta ya ƙi sakin bakin buhun da wuri, ya kuma tuna abin da ta ce da safe game da wanda ya wana ƙarfen. Ya ce da ita a hankali ko ta tabbata. Ta ce ƙarfe ba ya magana, ita murya ta zo nema. Sharaɗinta ɗaya ne, in an yanka a ajiye mata wuƙa guda daga ciki.

Rufus ya zaro guntayen biyu ya goge da tsumma, ya lanƙwasa ɗaya ya saki, ya saurari ƙararsa. Ya juya shi sama da ƙasa. Ya ce tun da yake sayen sifirin bai taɓa samun mai lafiyar wannan ba, ko ɗigon tsatsa babu, me aka riƙa shafa masa?

"Tambayi injiniya," in ji Kaka.

Rufus ya sauke gwangwanin bango ya ba Meshak. Ya dai gargaɗe su cewa wannan ɗin ya sha zama a damina, akwai tsatsa a cikinsa, zai yi aiki amma ba zai yi tsawon rai ba. Ko shekara ɗaya, ko biyu in an lallaɓa. Bayan shi kuma kada su dawo, domin babu wani.

Da la'asar Polycarp ya rufe shago ya biyo su bariki a kan kekensa, wai mayar da sifirin cikin gwangwani aikin mutum biyu ne, amma kowa ya san so yake ya ji abin da zai fito. Suka baje injin a kan tabarma, suka wanke shi da kananzir har sau uku, man kaɗanyar shekara bakwai yana fita guntu-guntu. Meshak ya kawo giris na gaskiya ya shafa. Kaka kuwa ta sa maƙwabci ya yanka zakaran, ta hura murhu a bayan ɗaki. Meshak ya leƙo ya ce ai ba a gama gyaran ba ta yanka ladan. Ta ce in sun kasa za ta cinye abinta a gabansu. Da naman ya nuna ta tsamo ƙundun ta sa a ɗan kwanonta daban, ta rufe, ta ajiye kusa da ƙafarta yadda ta saba.

Aka ɗaure kusa ta ƙarshe. Kaka ta goge hannu ta zo ta wana da kanta, tana ƙirga juyin a zuci, ta tsaya inda take tsayawa. Ta zaɓi ƙaya ta ba Meshak ya ɗaura. Faifan ya fara juyawa. Meshak ya ɗaga kan allurar, ya tsaya da shi a sama, ya dube ta. Wannan karon ba wasa a muryarsa.

"In fara ne?"

"Fara mana. Sai ka ce kai za ka yi waƙar."

Ya sauke ƙayar. Aka ji shuuu na ɗan lokaci.

"In fara ne?"

"An ce ka fara," in ji Polycarp, yana hararar Meshak. Sai ya ga bakin Meshak a rufe yake.

Daga cikin akwatin aka ji bature ya ce to, sannan waƙar ta tashi. Babu sa, babu rijiya. Murya ce ta namiji mai ƙarfi, sakakkiya, tana ɗan karcewa a sama in ta hau, irin ta mutumin da ya saba kira daga wannan gona zuwa waccan. Matar ɗaki na gaba ta fito da cokali a hannu, ta dubi Meshak, ta dubi akwatin, ta sake duban Meshak. Mu ma da muka taru a bakin ƙofa abin da muke yi ke nan, domin wannan muryar muna jin ta kullum da safe a bayan ɗaki in Meshak yana wanka.

"Tsayar," in ji Kaka Larai.

Ya ɗaga ƙayar.

"Kun musanya mini miji. Wannan ba shi ba ne. Nawa a hankali yake waƙa."

Polycarp ya matso ya durƙusa gabanta ya yi mata bayani da irin Hausarsa. Ya ce faifai ba ya canjawa, abin da aka zuba a ciki shi ke ciki. Man da take shafawa ne yake daskarewa yana riƙe injin, bana ya rage gudu kaɗan, baɗi ya ƙara ragewa, muryar tana nauyi tana nauyi, ita kuma tana ji kowane mako, shi ya sa ba ta lura ba. Jikoki kuwa da wannan mai nauyin suka fi sabawa. Yanzu inji yana gudunsa na ainihi. Yadda baba ya yi waƙar a gaban bature, haka take fitowa.

Kaka ta matso kusa da akwatin. Sannan ta ce a sake. Aka sake, ta saurara tun daga tambayar har amin ɗin ƙarshe, idonta a rufe, leɓenta yana bin kalmomin. Da ya ƙare ta goge fuska da bakin zane, ba ta ɓoye ba.

"Shi ne," ta ce. "Haka yake kirana daga gona. Ni ce na tsufar da shi a cikin akwati."

Meshak ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya shiga tattara kayan aiki. Ya ce ta dai tuna abin da Rufus ya faɗa, sifirin tsoho ne, kada ta cika wanawa, sau ɗaya a mako ya isa, kuma don Allah man kaɗanya ya tsaya a gwiwa. Ya ce in ta kiyaye, wataƙila ya kai shekara biyu.

Ba akwatin take kallo ba. Shi take kallo, kai a karkace, kamar yau ta fara ganinsa.

"Sake faɗa."

"Me?"

"Abin da ka faɗa yanzu."

"Na ce man kaɗanya ya tsaya a gwiwa."

"Hm," in ji Kaka Larai. "Shi ya sa tun kana yaro in ka yi magana nake jin haushi ban san dalili ba. Na ɗauko akwati a ka tun daga Kagoma, na ba da ƙarfen mijina an yi wuƙa, ashe muryar tana nan Kafanchan tana yi mini rashin kunya."

"To in sifirin ya tsinke fa?"

"Ya tsinke mana. Kai ba a wana ka, da kanka kake zuba."

Ta raba naman, ta ba Polycarp cinya da ƙirji, ta ce ladan mai gyara ne. Ta aika wa matar ɗaki na gaba fiffike. Meshak yana zaune yana jira, ta zuba masa wuya da ƙafafu, ya duba kwanon ya ce ya gode, Allah ya ƙara arziki, dama ya san ƙarshen wahalar miji ke nan a gidan nan. Sai ta sunkuya ta ɗauki ɗan kwanon da ke kusa da ƙafarta, ta buɗe, ta tura masa a kan tabarma.

Ya dubi ƙundun. Ya dube ta.

"Amarya, wannan na mai gida ne fa."

"Ci kafin in sake shawara. In ka haɗiye ka yi mini magana."

"In ce me?"

"Ko mene ne. Ai ba maganar nake saurare ba. Kakanka ma ban taɓa sauraron abin da yake faɗa ba."

Polycarp ya ƙware da romo. Meshak ya yi dariya har ya kifa kai a gwiwa, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba, ta dai matsar da kujerarta kusa da shi, ta juyo masa da kunnenta mai ji sosai. Ya ɗauki ƙundun ya kai baki.